Murabus ɗin Sarki Umaru cikin Tarihin Kano: Nazarin Labari da Kalma

Cikin sarakuna 48 waɗanda littafin Tarihin Kano ya lissafta, tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello, babu wanda labarin saukarsa daga gado ya fi na Umaru ɗan Kanajeji fitowa fili. Labarin gajere ne, bai cika shafi guda ba, saboda haka malamai sukan so su ba ɗalibai shi. Abin da aka saba koyarwa a kansa kuwa shi ne, ga wani sarki mai tsoron Allah wanda ya guji duniya, sai a yi koyi da shi. Wannan fassara ba ƙarya ba ce, amma ta yi gaggawa. Manufar wannan takarda ita ce a nuna cewa marubucin ya ajiye wani hukunci na biyu a ƙarƙashin yabon da ya yi, sa'an nan a duba abin da kalmar murabus ta ɗauka cikin harshen Hausa.

1. Littafin da labarin

An rubuta Tarihin Kano da Larabci, galibin masana kuwa sun tafi a kan cewa ya sami siffar da aka san shi da ita wajen ƙarshen ƙarni na 19, gama da sarautar Bello ya tsaya. H. R. Palmer ya buga fassararsa da Ingilishi cikin 1908, ya kuma ƙiyasta shekarun sarakuna bisa ga tsawon mulkin da littafin ya ba kowane. Fassarar Hausa ta fito cikin littafi na biyu na Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda aka buga cikin 1933 a ƙarƙashin kulawar R. M. East. Bisa ga lissafin Palmer, Umaru shi ne sarki na 14, ya yi sarauta daga 1410 zuwa 1421. Watau tsakanin aukuwar abin da rubuta shi akwai shekara fiye da 450. Wajibi ne mai karatu ya riƙe wannan a zuciya, don abin da ke gabansa labari ne da aka tsara, ba shaidar ganau ba.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Umaru malami ne mai yawan ibada, yana da wani aboki wai shi Abubakar. Da aka naɗa Umaru, abokin ya zarge shi, ya rabu da shi, ya tafi Barno ya zauna shekara 11. Da ya komo ya tarar da shi har yanzu yana kan gado, sai ya yi masa wa'azi, ya kwatanta masa duniya da mace mayaudariya, ya tuna masa azabar lahira. Umaru ya karɓi wa'azin, ya tara Kanawa, ya shaida musu cewa sarauta tarko ce, ya fita daga cikinta. Ya bi abokinsa, ya ƙare kwanakinsa yana nadamar abin da ya aikata sa'ad da yake sarki, har aka yi masa laƙabi da Ɗan Tarko. Bayan wannan sai marubucin ya ƙara cewa a zamaninsa ba a yi yaƙi ba, ba a yi fashi ba, al'amuran Kano kuwa suna hannun Galadima. Ya rufe da cewa Umaru ya yi shekara 12 yana sarauta.

2. Ginin labarin

Abu na farko da ya kamata a lura da shi lissafi ne. Sarauta shekara 12, zaman aboki a Barno shekara 11. Ashe duk mulkin Umaru, in ban da ɗan abin da ya rage, ya faɗa ne tsakanin zargi na fari da wa'azi na biyu. Marubucin ya saba, in ya zo kan sarki, ya faɗi yaƙoƙinsa, da garuruwan da ya ci, da sunayen barade, da abin da aka fara yi a zamaninsa. A nan bai faɗi ko ɗaya ba. Ya bi abokin zuwa Barno, ya dawo tare da shi, kamar dai babu abin da ya faru a fada wanda ya isa a ambata sai ranar sauka. Aiki guda ne kaɗai aka danganta ga Umaru a matsayinsa na sarki, shi ne barin sarauta.

Abu na biyu shi ne wurin da aka sa labarin. Mahaifin Umaru, Kanajeji, mayaƙi ne. A zamaninsa littafin ya ce aka kawo lifidi da kwalkwali da sulke, shi ne kuma wanda ya koma ga al'adun tsafi na kakanninsa domin ya sami nasara a kan Zazzau, ko da yake ubansa Yaji ne ya karɓi Wangarawa masu Musulunci. To, ga uba ya sayar da addini ya sayi nasara, ga ɗa ya sayar da sarauta ya sayi addini. Da wuya a ce jeruwar nan ba ta yi wa marubucin daɗi ba. Labarin ɗan yana zama amsa ga labarin uban, su biyu kuwa sun haɗu a kan zato guda, cewa mulki da tsoron Allah ba sa zama gida ɗaya.

Abu na uku shi ne harshen wa'azin. Kwatanta duniya da mace mai kwalliya wadda ke yaudarar masu nemanta sanannen abu ne cikin waƙoƙin wa'azi na Hausa da Fulatanci da Larabci waɗanda suka yawaita tun zamanin jihadi. Saboda haka muryar da ake ji a bakin Abubakar ta fi kama da ta malaman ƙarni na 19 bisa ga ta mutumin ƙarni na 15. Laƙabin Ɗan Tarko kuwa dabam ne. Hausa ce tsantsa a tsakiyar littafin Larabci, irin abin da maroƙa da masu kirari ke riƙewa a ka. Mai yiwuwa laƙabin ya girmi labarin, aka zo daga baya aka yi masa bayani. Shi kansa laƙabin baki biyu gare shi: ana iya fahimtarsa da wanda ya kuɓuta daga tarko, ana kuma iya fahimtarsa da wanda tarko ya kama.

3. Hukuncin da ke ƙasa

Jimlolin ƙarshe su ne suka fi nauyi, su ne kuma aka fi tsallakewa a aji. An ce babu yaƙi, babu fashi. Mai karatu zai zaci albarkar sarki mai ibada ce. Amma nan take marubucin ya faɗi inda al'amura suke, watau hannun Galadima, har ya kawo kirarin da aka yi wa Galadiman na mai tsaron gari, wanda ake jibge wa rigingimu. Umaru ya sami laƙabi na nadama, Galadima ya sami kirari na aiki. Bai ce Umaru ya yi sakaci ba. Ya dai jera maganganu biyu kusa da juna, ya bar mai hankali ya auna.

In haka ne, Umaru sau biyu ya sauka. Ya sauka daga ɗawainiya tun da wuri, ya bar wa Galadima. Sa'an nan ya sauka daga gado bayan shekara 12. Ta biyun ce aka yi wa taro, ita ce kuma ake yabo, amma ba ta canza wa talakan Kano kome ba, gama wanda ke jin ƙararsa jiya shi ne ke jinta yau. Nan ne wata tambaya ke tasowa wadda labarin bai warware ba: mene ne Umaru ya ƙare rayuwarsa yana nadama a kai, tun da ba a faɗi wani zalunci da ya yi ba? Ko dai zaman kan gadon ne kansa laifi, kamar yadda abokinsa ya ɗauka, ko kuwa laifin shi ne riƙe rawani shekara 12 alhali wani ke ɗauke da kayan. Marubucin bai zaɓa ba, wannan shirun kuwa yana cikin abin da ya sa labarin ya yi ƙarfi.

Akwai shaida cikin littafin kansa cewa marubucin ba ya ganin ibada kaɗai ta isar wa sarki. Cikin 1565, bisa ga lissafin Palmer, aka tuɓe Yakufu ɗan Kisoki bayan wata huɗu da 'yan kwanaki. Da rikici ya lafa aka nemi a mayar da shi, sai ya ƙi, ya koma ga karatunsa. Ba da jimawa ba Abubakar Kado ɗan Rumfa ya hau, daga 1565 zuwa 1573. Shi ma malami ne, hankalinsa na ga addini, har ya sa 'ya'yan sarki karatun Alƙur'ani. Amma a zamaninsa Katsinawa suka rinjayi Kanawa har suka iso ƙofar gari, daga ƙarshe aka tuɓe shi. Ga malamai uku ke nan a kan gado ɗaya: na farko ya sauka, na biyu ya ƙi komawa, na uku ya zauna har aka sauke shi. Bambancin Umaru da Kado ba a tsoron Allah yake ba. Umaru ya sami zaman lafiya da Galadima mai ƙarfi, Kado ya sami Katsinawa a bakin ƙofa. Wanda ya karanta ukun tare zai ga cewa littafin yana girmama malami, amma yana tambayar wa ke tsaron gari.

4. Misalai biyu daga tarihin Musulunci

Malaman ƙasar Hausa sun gaji siffa biyu ta barin mulki. Ta farko ita ce ta Ibrahim ɗan Adhama, sufin ƙarni na 8, wanda hikayoyi suka ce sarautar Balkh ya bari ya shiga yawon ibada. Dalilinsa ceton ransa ne. Labarin ba ya waiwayar mutanen Balkh. Ta biyu ita ce ta Hasan ɗan Aliyu, wanda ya bar wa Mu'awiya halifanci cikin shekara ta 41 ta Hijira, watau 661, domin a daina zubar da jinin Musulmi, har aka kira shekarar da shekarar haɗuwar jama'a. Na farko ya sauka don kansa, na biyu ya sauka don mutane. Labarin Umaru an ɗinka shi bisa ga siffa ta farko, da mai wa'azi, da tuba farat ɗaya, da tafiya ba waiwaye. Amma ambaton Galadima a ƙarshe yana shigo da tambayar siffa ta biyu ta ƙofar baya.

5. Abdullahi ɗan Fodiyo

In ana neman wanda ya fuskanci wannan tambaya da ransa, ya kuma rubuta ta da hannunsa, Abdullahi ɗan Fodiyo ne. Wajen 1807, yana wazirin Shehu, ya ga abin da bai gamshe shi ba na son mulki da tara dukiya cikin jama'ar jihadi, sai ya rabu da runduna da niyyar tafiya gabas zuwa Makka da Madina. Shi da kansa ya ba da labarin cikin Tazyin al-Waraƙat, wanda ya tsara cikin 1813, M. Hiskett kuma ya buga shi da fassarar Ingilishi cikin 1963. Tafiyar ba ta wuce Kano ba. Kanawa suka tsai da shi, suka nemi ya koya musu yadda ake mulki bisa shari'a. Ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, sa'an nan ya juya ya koma.

Kwatanta wannan da labarin Umaru yana da amfani ƙwarai, balle ga shi gari ɗaya ne. Dalilin fita iri ɗaya ne, watau ƙyamar abin da mulki ke yi wa zuciya. Amma Umaru ya fita daga Kano ya bar ta ga Galadima, Abdullahi kuwa ya shiga Kano yana gudun mulki, ya fito ya bar mata littafin mulki. A wurinsa amsar ɓacin sarauta ita ce a gyara ta da ilmi. Shehu ma, da ya raba al'amuran ƙasa tsakanin Abdullahi da Muhammadu Bello wajen 1812, ya duƙufa ga karantarwa da rubutu har rasuwarsa cikin 1817, bai janye ba sai da ya san hannun da kowane yanki ya shiga. Marubucin Tarihin Kano ya rayu cikin daular da waɗannan mutane suka kafa. Ba abin mamaki ba ne in ya yaba wa Umaru da hannu ɗaya, ya riƙe ma'auni da ɗayan.

6. Kalmar da nahawunta

Hausa tana maganar sarauta da kwatance uku. Sarauta tufa ce: a naɗa, a tuɓe, kamar rawani. Tudu ce: a hau, a sauka. Abinci ce: a ci. Cikin ukun duka mutum ne ke sama da abin, shi ke sawa, shi ke hawa, shi ke ci. Kwatancen tarko ya juyar da wannan, ya mai da sarki abin farauta. Shi ya sa maganar Umaru ke da kaifi a kunnen Bahaushe.

Wajen rabuwa da sarauta kuwa, nahawu ya raba hanya biyu sarai. In an ce “an tuɓe shi”, sarki maf'uli ne, watau wanda aikin ya faɗa wa, mai aikin kuma ya ɓuya a bayan “an”. In an ce “ya yi murabus”, sarki fa'ili ne, aikin nasa ne. Kalmar murabus suna ce, ba ta aiki sai da “yi”, ba ta kuma karɓar maf'uli. Ba a cewa wane ya murabus wane. Saboda haka duk wanda ya so ya tuɓe sarki, ya kuma so a ce sarkin ne ya sauka, sai ya nemi jimla ta uku: “an sa shi ya yi murabus”. Cikin wannan jimla mutum ɗaya ya zama maf'uli a gabanta, fa'ili a bayanta. An ba shi aikin, an riƙe nufin.

Tarihin ƙarni na 20 ya ba wannan jimla aiki da yawa. Sarkin Musulmi Muhammadu Tambari, wanda ya hau cikin 1924, ya bar gado cikin 1931 bayan ƙararrakin da aka kai gaban Turawa, aka naɗa Hasan ɗan Mu'azu. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya ya yi murabus cikin 1963, bayan binciken da D. J. M. Muffett ya yi a kan kuɗin En'e ta Kano bisa umurnin Gwamnatin Jihar Arewa. Ya koma Azare da zama, daga baya Wudil, ya rasu cikin 1991. A takarda duka biyu murabus ne, amma kowa ya san akwai “an” a gaban jimlar. Duk da haka jama'a suka riƙe kalmar, har Sarki Murabus ya zama kamar suna ga Sanusi. Wannan kara ce irin ta Hausawa, wadda ke barin babba da rigarsa ko da an karɓe sandarsa. Abin lura kuma, rayuwar Sanusi bayan sauka, ta karatu da shugabancin Tijjaniyya, ta sa mutane da yawa suka karanta labarinsa da siffar Ibrahim ɗan Adhama, ko da yake ba ta wannan ƙofa ya fita ba.

Daga nan kalmar ta ci gaba da faɗaɗa. Jaridu da gidajen rediyo sukan ce “mai murabus” ga hafsan soja ko alƙali wanda shekarun aikinsa suka cika, sukan kuma faɗe ta ga ministan da ya ajiye aiki, wani lokaci har ga sarkin da aka tuɓe a fili. Kalma guda ta ɗauki abu huɗu: sauka don kai, sauka bisa tilas, cikar wa'adi, da tuɓewa da aka lulluɓe. Harshe yana da ikon yin haka, ba a kuwa yi masa shari'a. Amma akwai hasara. In duk mai barin kujera mai murabus ne, to, ba sauran suna ga wanda ya bar ta alhali yana da ikon zama.

7. Abin da ya rage ga mai koyarwa

Ana iya cewa wannan karatu ya ɗora wa ɗan gajeren labari kaya fiye da ƙarfinsa, wataƙila marubucin ya tattara abin da ya ji ne kurum, ya jera ba da wata manufa ba. Wannan suka tana da gindi, gama littafin tari ne na ruwayoyi, ba ƙagaggen labari ba ne mai tsari guda. Amma ko da jerin ya zo bisa katari, abin da ke kan takarda shi ake karantawa, a kan takarda kuwa nadamar sarki da kirarin Galadima suna maƙwabtaka. Wanda ya koyar da ɗaya ya bar ɗaya ya rage wa littafin.

Saboda haka ya fi kyau a ba ɗalibai labarin Umaru tare da na Yakufu da na Kado, a biyo da tafiyar Abdullahi, sa'an nan a sa su auna kowace sauka da tambaya uku. Wa ya nufa, mai saukar ko wani a bayansa? Don wa aka sauka, don rai guda ko don jama'a? A hannun wa aka bar gari? Umaru ya ci ta farko sarai, gama ba wanda ya tilasta shi sai wa'azi. A ta biyu, littafin bai nuna ya duba kowa ba sai lahirarsa. A ta uku kuwa ya yi sa'a ne, ya sami Galadima, ɗan'uwansa Dauda kuma ya gaje shi, gari bai watse ba. Ɗaliban da ke karanta wannan yau su ne gobe za su riƙe makarantu da ofisoshi, kowannensu kuma wata rana zai bar kujera, ko da nufinsa ko ba da nufinsa ba. Gara su san tun yanzu cewa ajiye rawani abu ne mai sauƙin gani, amma ana auna shi da halin da aka bar mutane a ciki.